Bagaruwa da Man Shanu: Tarihin Riƙon Jakar Fata a Adar da Gobir Tudu

A garuruwan gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa, ba abin mamaki ba ne a tarar da gafakar Alƙur'ani wadda ta girmi malamin da ke rataye da ita, ko zabirar wanzami da ta ratsa hannun kaka da na uba kafin ta iso ga jika. A cikin waɗannan gidaje kuma akan ga jakar hannu ta kanti, mai ƙyalli da sarƙa, wadda aka saya da ƙaramar salla, kafin layya ta zo fuskarta ta soma ɓarewa kamar saɓar maciji. Tsakanin jakunkunan nan biyu akwai dogon tarihi, wanda ya haɗa akuya da icce da majemi da baduku da kuma mai riƙon jakar kansa. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, kula da jakar fata ƙarashen aikin jima ne. Wanda ya san yadda aka jeme fata ya san abin da take so da abin da ke kashe ta, ran da sanin jima ya yi ƙaura daga gari kuwa, sanin riƙo ma sai ya bi sawunsa.

Ƙasar da sana'ar ta yi saiwa

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidu a rubuce game da dukanci a wannan sashe na ƙasar Hausa yana cikin littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo ɗan Afirka, da aka buga a birnin Benis na Italiya a 1550. Da ya zo kan bayanin ƙasar Gobir, ya ambaci masu ɗinkin takalma waɗanda ake kai kayansu har Tambutu da Gawo. Yankin Madawa har yau yana amsa sunan Gobir Tudu. Arewa da shi kuma ga Adar, ƙasar duwatsu da kwaruruka, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak ya ci da yaƙi a 1674, kamar yadda masanin tarihi Djibo Hamani ya bayyana cikin littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa. Tun daga lokacin cuɗanya ta ƙara ƙarfi tsakanin manoma Hausawa da Abzinawa makiyaya: Lisawan a wajen Keita, Kel Geres kuma, waɗanda suka gangaro daga Abzin, suka kafu a kewayen Galma da Arzarori.

Wannan cuɗanya ta haɗa makarantu biyu na aikin fata a kasuwa guda. A wajen Hausawa, jima daban, dukanci daban, kuma galibi maza ne ke gadonsu: majemi ya jeme, baduku ya yanka ya ɗinka. A wajen Abzinawa kuwa, aikin fata na matan maƙera ne, su ne ke yin manyan jakunkunan raƙumi masu dogayen geza, da matasan kai, da alabe mai aljihuna da yawa da ake ratayawa a wuya. Kowace makaranta ta ari launi da zane daga ƴar'uwarta.

A wancan zamani fata, ko hwata kamar yadda Adarawa ke faɗi, ita ce mazubin rayuwa baki ɗaya. Da salka ake ɗaukar ruwa, da guga ake jawo shi daga rijiyoyi masu zurfi, taiki na hatsi, tandu na mai da kwalli, burgami na guzuri, gafaka ta karatu, kube na takobi. Ayarin Kel Geres da ke zuwa ɗaukar gishiri a Fashi da Bilma, ya gangaro da shi kasuwannin Gobir da Sakkwato, yakan yi watanni a hanya. Matafiyin da salkarsa ta tsage a tsakiyar Tenere ransa ne a bakin ƙaya. Saboda haka riƙon fata ya zama ilimi da yaro ke koya tun yana bin raƙuma, kamar yadda yake koyon ɗaurin kaya.

Daga akuya zuwa jaka

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ƙarkon jaka yana somawa ne tun daga jikin dabba. Jar akuya, wadda ake kira ta Maraɗi a Nijar, ta Sakkwato a Nijeriya, tana da fata mai laushin fuska da matsattsun zaruruwa, mai miƙewa ba tare da yagewa ba, kuma yankin Madawa na cikin ƙasar da take yaɗuwa. Mafi yawan awakin nan na mata ne, a cikin gida ake kiwon su, abin da ke rage musu kurjin ƙaya. Bayan kiwo sai fiɗa: mahaucin da ya saki wuƙa ya yi wa fata tsaga, ko wanda ya shanya ta a ƙasa cikin tsakar rana har ta ƙone, ya riga ya yanke wa jakar da ba a ɗinka ba kwanakinta.

Majemi yakan fara da jiƙa busasshiyar fata har ta saki. Sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan toka, wanda kaifinsa ke sassauta gashi, ya kankare gashin da ragowar nama. Daga nan sai a sa ta cikin ruwan fatakka, wani tsiro mai farin ƙaro kamar nono, ko ruwan kashin kaji da na tattabaru, domin a kashe kaifin tokar, fatar ta yi laushi ta buɗe. Sai babban aiki: a daka ƴaƴan bagaruwa, a jiƙa garin, a riƙa cuɗa fatar a ciki ana sabunta ruwan. Baurin bagaruwa, wato abin nan da ke ɗaure harshe idan an tauna ta, shi ne ke shiga tsakanin zaruruwan fata ya kama su, ya hana su ruɓewa. A ƙarshe a wanke, a shafa man gyaɗa ko man shanu, a murza, a ja, a shanya a inuwa. Man ne ke sa zaruruwa su riƙa zamewa a kan juna idan an lanƙwasa fatar, maimakon su karye.

Rini ma daga ƙasar yake fitowa. Ja daga karan dafi ne, wani irin dawa da ake shukawa don kubensa, a daka a haɗa da ɗan ruwan kanwa. Rawaya daga gangamau. Baƙi shi ne kuloko, wanda ake samu idan an jiƙa kashin maƙera ko guntayen ƙarfe cikin ruwa mai tsami. Da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa, nan take sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Koren nan mai haske da ke ƙawata alabe da jakunkunan Abzinawa kuwa daga garin tagulla yake.

Dokokin riƙo da dalilansu

Duk wata doka da tsofaffi suka bari game da riƙon jaka tana da tushe a cikin waɗannan matakai, kuma shekarar Adar ce ta tsara lokutanta. Cikin hunturu da bazara, lokacin da iska ke bushewa ƙarau, zafi kuma ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, man da majemi ya sa yakan ƙafe, fatar ta ƙandare, ta soma tsagewa a wuraren lanƙwasa da gindin maratayi. Maganin shi ne a mayar mata da abin da ta rasa. A fara kaɗe ƙura da busasshen ƙyalle, domin ƙurar da aka shafe da mai takan zama dauɗa mai cin fuskar fata. Sa'an nan a lakato man shanu ko man kaɗe kaɗan a yatsa, a narkar da shi a tafin hannu, a murza a hankali, a bar jakar ta kwana a inuwa, da safe a goge abin da bai shige ba. Sau ɗaya ko biyu a rani ya wadatar. Mai idan ya yi yawa yakan duhunta launi, ya yi ɗoyi, ya gayyato ɓera da kiyashi, ya kuma sa fatar ta saki jiki har ɗinki ya zame. Wurin da aka yi wa ado da kore ba a cika masa mai, saboda tagulla da maiƙo idan sun daɗe tare sukan haifar da wani danƙo mai ɓata zane.

Da damina abokin gaba ya sauya. Laima na kawo hunhuna, gara kuma na hawowa daga ƙasa. Shi ya sa ba a ajiye jaka a daɓe ko a jingine ta da bangon laka. Rataye ta ake yi inda iska ke ratsawa. Amma ba a kan ƙusa mai tsatsa ba, domin ƙarfe da laima da baurin bagaruwa su ne ainihin haɗin kuloko, tabon da suka bari kuwa ba ya fita har abada. Idan ruwan sama ya doki jaka, a zazzage kayan ciki, a tsane ta da ƙyalle ba tare da gurzawa ba, a cusa mata tsumma don kada ta motse, a bar ta ta bushe a inuwa. Rana mai zafi ko bakin murhu sukan ƙanƙance jiƙaƙƙiyar fata ta koma kamar ƙirgi, kuma ba ta dawowa. Karan dafi yana zuba idan ya jiƙe, don haka jar jaka mai laima ba ta kusantar farar riga.

Game da wanki, dokar gajera ce: ba a tsoma jakar fata a ruwa, ba a kai mata garin sabulu ko kanwa. Kaifinsu ɗan'uwan kaifin tokar nan ne da majemi ya sha wahalar kashewa. Yana fitar da mai da baurin, ya sauya launi. Ƙyalle mai ɗan damshi ya isa ga dauɗar hannu. Tabon maiƙo kuwa a barbaɗa masa garin alli ya kwana, ya tsotse, a kaɗe. Idan ɗinki ya fara kwancewa, a kai wa baduku tun ɓarakar tana ƙarama. A wancan tsari mai jaka da mai ɗinkinta sun san juna, gyara kuma wani yanki ne na cinikin.

Shaidar da ta zo daga nesa

Ingancin wannan jima ya yi suna nesa da inda ake yin ta. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, da ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa, ya kuma ambaci jajayen fatun da ake rinawa da ruwan karan dawa ana kai su har Tarabulus. A 1853 ya ga kasuwar Sakkwato, ya yaba laushin fatarta da kyan jakunkuna da matasan da ake ɗinkawa a can. Wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko daga ƙasar Hausa ya fito, ya ɗauki sunan tashar da ya bi. A ƙarshen ƙarni na 19 jemammun fatun awaki sun zama cikin manyan kayan da ayari ke ƙetara Sahara da su, daga Tarabulus kuma jiragen ruwa su wuce da su har Amurka.

Wata shaidar ta fito daga ɗakunan karatu na Ingila. A wajen 1900 masu kula da littattafai sun lura cewa bangon fata na sababbin littattafai yana rubugujewa ya zama jan gari cikin ƴan shekaru, alhali na ɗaruruwan shekaru yana nan garau. Ƙungiyar Society of Arts ta Landan ta naɗa kwamiti, wanda ya ba da rahoto a 1901, ya ɗora laifin a kan wasu hanyoyin jima na masana'antu, musamman amfani da asid irin na ruwan batir, da kuma hayaƙin fitilun gas. A wannan shekara shahararren mai ɗaurin littattafai Douglas Cockerell ya rubuta cewa fatar da ta fi yi masa amfani ita ce ta akuyar da kamfanin Ingilishi na kogin Neja ke kawowa daga Afirka, jemammiya a hannun mutanen ƙasa. Daga nan sunan fatar Neja ya zauna a bakin masu wannan sana'a a Turai. Abin lura a nan shi ne, abin da masanan Landan suka gano da gwaje-gwaje shi ne abin da gafakar malamin ƙauye ta daɗe tana nunawa: fatar bagaruwa, idan an kiyaye ta, tana rayuwa fiye da mai ita.

Yadda igiyar ta tsinke

Shekarar da aka yi wannan yabo ita ce shekarar da sojojin Faransa suka karya Kel Geres a Zangebe da Galma, wato 1901. Yarjejeniyoyin iyaka tsakanin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 suka raba Adar da Gobir Tudu da Sakkwato, babbar kasuwarsu ta kudu. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, cinikin Sahara ya durƙushe, fatu suka juya suka nufi teku. Daɗin daɗawa, masu saye suka sauya abin da suke nema. Tun 1884 aka yi rajistar wata sabuwar hanyar jima a Amurka, mai amfani da gishirin kurom, wadda ke gamawa da sauri ta kuma ba da fata mai jure ruwa. Masana'antun da suka rungume ta ɗanyar fata busasshiya suke so, su jeme da kansu. Ma'aikatan kiwo na mulkin mallaka suka duƙufa koya wa mahauta fiɗa mai tsabta da shanya a kan katako cikin inuwa. Wannan ya kyautata fatar, amma mafi kyawunta ya riƙa wuce majemin gari, ya bar shi da abin da ƴan kamasho suka rage.

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta yi yunƙurin riƙe arzikin a gida. An buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a farkon shekarun 1960, likitan dabbobi Robinet ya wallafa nazarinsa a kanta a 1967, a farkon shekarun 1970 kuma aka kafa kamfanin tattara fatu na SNCP da masana'antar jima ta SONITAN a Maraɗi. Daga baya duka biyun sun durƙushe, mafi yawan fatun yankin suka koma bin hanyar Nijeriya ɗanyu, na awaki da tumaki zuwa masana'antun Kano, na shanu kuma da yawa zuwa tukunya a matsayin ganda. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dabbobi, sun busar da itatuwa, sun tura samari ci-rani zuwa Abijan da Legas da Libiya, cikinsu har da ƴaƴan majema da dukawa. Jarka ta maye gurbin salka, robar taya ta maye guga, buhu ya kori taiki, leda ta kori burgami. Leda ta yi yawan da sai da aka kafa dokar hana ta a watan Nuwamba na 2014.

Jakar hannu ta mata, mai zip da maɗauri, a cikin wannan zamani ta yaɗu, kuma dukawa sun karɓe ta sun ƙware a kanta. Sai dai a kasuwa ɗaya yanzu jaka iri uku ce ke amsa sunan fata. Akwai ta bagaruwa, wadda bakin yankanta ruwan ƙasa ne, tana shan ɗigon ruwa wurin ya yi duhu. Akwai ta kurom, wadda cikinta kan yi toka-toka mai ratsin shuɗi, fuskarta kuma sau da yawa a rufe take da fenti, mai ba ya ratsa ta sosai. Akwai kuma ta roba, ƙyalle ne da aka shafe da leda, zafi na fasa ta, ba man da zai cece ta. Mai sayen da bai iya bambance su ba yakan wanke ta farko da garin sabulu, ya shafe ta uku da man shanu, duka biyun su lalace, ya yanke hukunci cewa kayan gida ba su da ƙarko. Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce wannan hukunci, domin da shi ne baduku ke rasa mai saye, majemi ya rasa baduku.

Abin da ya rage a hannu

Duk da haka, ginshiƙan sana'ar ba su faɗi duka ba. Jar akuya tana nan a gidajen Gobir Tudu. Bagaruwa ma ta sami masu dasa ta. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza tare da ƙungiyar CARE suka soma dasa layukan itatuwa masu tare iska a kwarin Majiya, da farko dogon yaro, daga baya aka haɗa da bagaruwa. Daga 1984 babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, ya farfaɗo da faƙo da tuddai, aka dasa miliyoyin itatuwa, mafi yawan aikin kuma mata ne suka yi shi da hannuwansu. An yi waɗannan ayyuka ne don ceton gonaki, amma sun mayar wa majemi da iccensa kusa da gida.

Abin da ba a iya dasawa daga gandun reno shi ne sani, kuma a nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu yake. Kalmomi irin su fatakka da kuloko da taiki da tandu suna fita daga bakin yara tare da abubuwan da suke nufi. Ɗalibin koleji a Madawa ko Buza ko Keita yana iya zama gaban tsohon majemi da alƙalami, ya rubuta matakan jima da sunayen kayan aiki da karin maganar sana'ar, da Hausa da Tamajak, kafin masu su su ƙare. Darasin kimiyya yana iya aron tsatsa da ruwan bagaruwa ya nuna yadda kuloko ke haihuwa. Ƙungiyar da ke shirya baje kolin gargajiya tana iya ajiye tsohuwar gafaka kusa da sabuwar jaka, ta gayyato baduku ya nuna shafa da gyara a gaban jama'a, kowace jakar da aka sayar kuma ta tafi da ƴar takarda mai bayanin riƙonta cikin harshen mai saye. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma sai an san inda aka ajiye tandun.